Tsohuwar Kwamfuta Da Lambar 169.254: Abin Da Ke Ɓoye Bayan "Babu Netwok"

Cikin jimlolin da suka shigo bakin Bahaushe tun bayan zuwan wayar salula Nijeriya a shekarar 2001, da wuya a sami wadda aka jibga wa kaya kamar "babu netwok". Da ita ma'aikacin banki ke kwantar da hankalin masu jira a layi, da ita sakatare ke ba maigidansa uzurin takardar da ba ta tafi ba, da ita kuma wanda ake bi bashi ke wanke kansa idan aka ce ya ƙi ɗaga waya. Masu nazarin ma'anar kalmomi sun san cewa duk lokacin da furuci ya yi irin wannan faɗi, to ƙarfinsa na rarrabe wannan da wancan ya fara raguwa ke nan. A kan wayar hannu hakan ba ya jawo wata asara, domin mutum yakan ɗan matsa gaba ko ya jira. A kan tsohuwar kwamfutar tebur kuwa, jimlar nan takan zama hukuncin kisa. Da zarar an maimaita ta sau biyu ko uku a kan kwamfuta guda, sai a kira mai gyara ya goge duk abin da ke cikinta, idan hakan bai yi ba a ce katinta ya ƙone, daga nan sai sito, inda za ta tarar da 'yan'uwanta jibge cikin ƙura.

Abin da nake son jawo hankalin mai karatu a kai shi ne, da yawa daga cikin waɗannan kwamfutoci lafiyarsu ƙalau. Abin da ya same su bai wuce rashin samun adireshi ba, kuma su da kansu suna faɗin haka ta hanyar wata lamba da ke farawa da 169.254, sai dai ba a koya wa masu amfani da su karanta ta ba. Maganar kuwa ba ƙarama ba ce. Rahoton da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya suka fitar a 2024 ya nuna cewa duniya ta zubar da tan miliyan 62 na tarkacen kayan lantarki a shekarar 2022, kuma abin da aka tattara aka sake sarrafawa ta hanyar da ta dace bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Bugu da ƙari, ranar 14 ga Oktoban 2025 kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin da yake ba Windows 10 na yau da kullum, alhali Windows 11 ba ta yarda ta zauna a kan inji marar wani guntun tsaro da ake kira TPM 2.0. Ma'ana, sunan "tsohuwa" ya tashi daga kan Pentium 4 da ake sayowa a gwanjo, ya hau kan kwamfutocin da aka saya sababbi fil shekaru goma kacal da suka wuce. Makarantu da asibitoci da ƙananan ofisoshi da ba su da kuɗin sabunta kaya za su ci gaba da zama da irin waɗannan injuna, saboda haka ya kamata su san cututtukansu da sunayensu.

Duk na'urar da za ta yi magana da wata a kan layin sadarwa tana buƙatar lambar da za a san ta da ita, wato adireshin IP, wanda a tsohon tsarinsa rukuni huɗu ne na lambobi da ɗigo a tsakaninsu, kamar 192.168.1.20. A farkon zamani da hannu ake rubuta wa kowace kwamfuta nata, a kuma ajiye littafi na wa ke riƙe da me. Da injuna suka yi yawa sai abin ya gagara. A 1985 aka fito da wata ƙa'ida mai suna BOOTP wadda ke ba kwamfuta damar tambayar adireshinta idan ta tashi, amma har a lokacin sai wani ya riga ya rubuta sunan kowace a jeri. A watan Oktoban 1993 ne aka wallafa ƙa'idar DHCP, wadda Ralph Droms na Jami'ar Bucknell a Amurka ya rubuta, aka kuma sake fasalinta a watan Maris na 1997. Wannan fasali na 1997 shi ne har gobe wayar da ke aljihun mai karatu ke bi duk lokacin da ta shiga wayales ɗin gida ko na ofis. Sabon abin da ta kawo shi ne haya: ba a mallaka wa kwamfuta adireshi, ana ba ta ne zuwa wani wa'adi, idan ta tafi a ba wata.

Yadda ake ƙulla wannan haya shi ne gundarin maganar, kuma duk wanda ya san yadda baƙo ke neman masauki a garin da bai san kowa ba zai gane shi nan take. Kwamfutar da aka kunna ba ta da adireshi, ba ta kuma san inda mai rabon adireshi yake ba, saboda haka sai ta yi shela ga duk wanda ke kan layin, tana sa 0.0.0.0 a gurbin sunan mai aikawa, abin da ke nufin ba ta da suna tukuna. Abin da kawai take gabatar da kanta da shi shi ne lambar da aka buga wa katin sadarwarta tun daga masana'anta, mai alamomi 12, wadda ake kira MAC. Mai rabon, wanda a ƙaramin ofis shi ne rawutar da kamfanin intanet ya kawo, a babbar ma'aikata kuwa uwar garke ce ta musamman, sai ya amsa da tayi: ga adireshi kaza. Kwamfutar ta sake ɗaga murya ta ce ta karɓi tayin wane, domin idan akwai wani mai tayin ya ji ya janye nasa. Daga nan mai rabon ya tabbatar, ya haɗa mata da sauran guzuri: adireshin ƙofar fita zuwa waje, adireshin na'urar da ke fassara sunayen gidajen yanar zuwa lambobi, da tsawon wa'adin hayar. Magana huɗu ce, biyu daga nan biyu daga can, kuma idan komai lafiya ba ta kai ƙiftawar ido biyu ba. Idan rabin wa'adin ya cika kwamfutar takan koma wurin wanda ya ba ta ta nemi sabuntawa. Idan bai amsa ba har kashi 87.5 cikin 100 na wa'adin ya wuce, sai ta koma yin shela ga duk mai iya taimako.

A fagen nazarin zance akwai abin da Emanuel Schegloff da Harvey Sacks suka bayyana a 1973, cewa wasu maganganu tagwaye ne, ta farko tana wajabta ta biyu: sallama da amsawa, tambaya da jawabi, tayi da karɓa ko ƙi. Muhimmin abin da wannan nazari ya nuna shi ne, idan ta biyun ba ta zo ba, shirun da ya biyo baya ma magana ce, kuma wanda ya yi sallama dole ya fassara shi: ko ba kowa a gidan, ko ba a ji shi ba, ko an amsa shi ne bai ji ba, ko kuwa an ji an yi biris. Waɗannan fassarori huɗu su ne dai abubuwan da mai binciken kwamfutar da ta rasa adireshi zai bi ɗaya bayan ɗaya.

To me kwamfutar ke yi idan ta ji shiru? Windows 95 takan tsaya ne da 0.0.0.0 ɗinta. Daga Windows 98 aka koya mata dabara, wadda kwamfutocin Apple ma suka ɗauka a shekarar 1998, aka kuma mayar da ita ƙa'idar kowa a 2005: bayan ta maimaita shela na kimanin minti guda ba amsa, sai ta zaɓar wa kanta adireshi daga wani rukuni da aka keɓe, mai farawa da 169.254, sannan ta ci gaba da sake gwadawa duk bayan minti biyar. Wannan adireshi ba ya fita waje, iyakarsa zance da maƙwabtan da su ma suka sami kansu a hali irin nata. Masu amfani da Windows XP, tun daga babban gyaran da aka yi mata a 2004, suna ganin alamarsa a ƙasan allo: ɗan alwatika ruwan ɗorawa da saƙon Turanci da ke cewa haɗin ya taƙaita ko babu shi sam. Mutane kan ga wannan alama su ce kwamfuta ta lalace, alhali albishir ne a cikinta. Injin da ya kai ga ba kansa 169.254 ya nuna cewa babbar manhajarsa ta ga katin sadarwa, katin ya ji akwai wani abu a ɗaya ƙarshen wayar, kuma an yi yunƙurin sallama. Amsa ce kawai ba ta iso ba.

Ganin lambar ba ya buƙatar injiniya. A danna maɓallin Windows tare da harafin R, a rubuta cmd, idan baƙin allo ya buɗe a rubuta ipconfig /all. A kan Windows 95 da 98 kuwa winipcfg ake rubutawa. Abin da zai fito shi zai raba "babu netwok" gida-gida. Idan ba a ga sunan katin ba kwata-kwata, to ko dai babu direbansa, abin da ke yawan faruwa bayan an sake zuba Windows, ko an kashe shi a saitin farko na injin da ake kira BIOS. Idan aka ga "Media disconnected", maganar waya ce ko soket. Idan aka ga 169.254, an yi sallama ba a amsa ba. Idan aka ga adireshi mai kama da na kirki amma danginsa ya saɓa da na kwamfutar da ke kusa, wani ne daban ya amsa, ko kuma an taɓa rubuta shi da hannu. Idan kuwa adireshin daidai yake da na maƙwabta amma shafuka ba sa buɗewa, to a daina zargin rabon adireshi, laifin yana wani wuri.

Kafin a taɓa komai akwai tambayar da ta fi kowace arha, kuma ita aka fi mantawa: kwamfuta ɗaya ce ko duk ɗakin? Idan goma suka rasa adireshi lokaci guda, babu hankali a ce katuna goma sun ƙone rana ɗaya. A babbar ma'aikata shelar kwamfuta ba ta tsallake rawuta, saboda haka akan sa wakili a kowane sashe ya ɗauki shelar ya kai wa uwar garke. Idan saitin wakilin ya goge, bene guda sukutum zai wayi gari da 169.254, kuma duk wanda ya kama buɗe injunan ɗaya bayan ɗaya ya bar jaki yana dukan taiki.

Inda matsalar ta inji guda ce, waya ce abin tuhuma na farko. A cikin kebul ɗin akwai siraran wayoyi takwas, amma tsofaffin katuna masu gudun megabit 10 ko 100 huɗu kawai suke amfani da su, na 1 da na 2 don aikawa, na 3 da na 6 don karɓa. Idan biyun aikawa suka tsinke, fitilar bayan kwamfuta tana iya ci alhali ta kan suwici a kashe take, shi ya sa ake duba fitila a ƙarshe biyun, ba ɗaya ba. Idan kuma wanda ya matse kan kebul ɗin bai bi tsarin launuka ba, ya raba tagwayen da aka murɗe tare, fitilu za su ci a ko'ina amma saƙo ya riƙa lalacewa a hanya, musamman idan wayar ta yi tsawo; iyakar da ƙa'ida ta yarda da ita mita 100 ce. Akwai kuma kebul mai juyayyen kai da a da ake haɗa kwamfuta da kwamfuta da shi. Sababbin katuna suna gane shi su gyara da kansu, tsofaffi da yawa ba sa iyawa, saboda haka kebul ɗin da ya yi aiki a kan laftof ɗin mai gyara yana iya ƙin yi a kan tsohuwar tebur, mai gyaran kuma ya rantse cewa wayar lafiya lau. Ƙurar hunturu da ke shiga soket, da ɗan harshen roba da ke karyewa ya bar kan kebul yana lilo, su ma sun aika injuna da dama sito. Canza kebul da canza ramin da aka soka shi a suwici ba ya cin minti biyu.

Abu na biyu shi ne lokaci, kuma a nan ne yanayin wutar lantarkinmu ya shigo cikin maganar kai tsaye. Idan aka ɗauke wuta aka tayar da janareta, ƙaramin suwici yakan farka cikin daƙiƙoƙi, rawuta ko uwar garke kuwa sai ta ɗauki minti ɗaya, biyu ko fiye. Ma'aikata kuma kowa ya riga ya danna maɓallin kwamfutarsa. Injin ya tashi, ya ga fitila na ci, ya yi sallama, mai gidan bai farka ba, sai ya haƙura da 169.254. Wanda ya san abin da ke faruwa zai jira minti biyar, ko ya rubuta ipconfig /release sannan ipconfig /renew ya tilasta sabuwar sallama. Wanda bai sani ba zai kashe komai ya sake kunnawa a tare, ya maimaita tseren da ya haifar da matsalar. Maganin dindindin shi ne a sa rawuta da suwici a kan ƙaramin batirin ajiyar wuta, ko aƙalla a saba kunna su kafin kwamfutoci. Akwai wani jinkirin makamancin wannan a manyan suwici na ma'aikatu. Saboda wata ƙa'ida da Radia Perlman ta ƙirƙiro a 1985 don hana saƙo yin ta zagaye a layi, ramin da aka soka wa sabuwar waya yakan yi daƙiƙa 30 yana saurare kafin ya bar komai ya wuce. Kwamfutocin zamanin Windows 95 da 98 sun sha faɗawa wannan rami. Kamfanin Cisco ya sa wa suwicinsa saitin PortFast don tsallake jiran a ramukan da kwamfuta ce kawai a kansu, sabuwar ƙa'idar 2001 kuma ta rage shi ƙwarai, amma tsofaffin suwici da ba a taɓa saitinsu ba suna nan suna aiki.

Wani lokaci mai rabon yana farke, ya kuma ji sallamar, sai dai ɗakunansa sun cika. Dangin adireshi irin 192.168.1 yana da gurbi 254 ne kacal da za a iya amfani da su, kuma rawutoci da yawa ba sa ma raba su duka. Akwai waɗanda ke fitowa daga masana'anta da gurbi 50 ko 100. A shekarun da aka tsara haka ofis mai ma'aikata 20 yana da kwamfuta 20. Yau kowane ma'aikaci yana da waya ɗaya ko biyu, kowane baƙo yana neman lambar sirrin wayales, kuma kowace waya tana kama ɗaki ta riƙe shi har wa'adi ya cika ko da mai ita ya bar garin. Uwar garken Windows, idan ba a canza mata ba, kwana takwas take ba da haya. Tsohuwar kwamfutar da ake kunnawa sau biyu a mako ita ce za ta zo ta tarar babu wuri, ita kuma za a zarga. Haka nan tun da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta a 2015, an sami ɗakuna masu ɗaruruwan injuna a kan layi guda a garuruwa da dama. Duk mai shirya irin wannan ɗaki da ya kai kwamfuta 260 ko 270 a kan dangi mai gurbi 254 ya gayyato rikici da hannunsa, kuma lissafi ne zai warware shi ba sukundireba ba. A faɗaɗa dangin, a rage wa'adin hayar baƙi zuwa 'yan sa'o'i.

Kishiyar wannan ita ce masu amsa su yi yawa. Wani ma'aikaci yana son wayales a ofishinsa, sai ya sayo ƙaramar rawuta ya soka wayar bango a ramin da bai dace ba. Ita kuwa rawutar an haife ta ne da ɗabi'ar raba adireshi, saboda haka sai ta fara yi wa kowa tayi, kwamfuta kuma galibi tayin da ya riga isowa take karɓa. Sakamakon shi ne wasu injuna suna aiki wasu ba sa yi, gobe kuma su yi musaya, har a fara zargin aljanu. Ba a sarki biyu zamani ɗaya. A cikin abin da ipconfig /all ke nunawa akwai layin "DHCP Server", wanda ke faɗin adireshin wanda ya ba da hayar. Idan ya bambanta tsakanin kwamfutoci biyu da ke ɗaki ɗaya, an kama ɓarawon, saura a bi waya a gano teburinsa.

Sai an wanke waya da mai rabo sannan ya dace a waiwayi injin kansa. A duba layin "DHCP Enabled": idan ya ce a'a, to kwamfutar ba ta ma yin sallamar, tana riƙe da adireshin da wani ya rubuta mata a ofishin da ta baro, kuma mayar da ita kan karɓa da kanta danni uku ne. A rubuta services.msc a tabbatar cewa hidimar "DHCP Client" tana gudana, domin kwafin Windows da aka yi wa ƙwange don ya yi sauƙi, da wasu manhajojin kariya da aka cire ba su fita da kyau ba, sukan bar ta a mace. Ƙwayoyin cutar kwamfuta na zamanin XP sun shahara da dagula hanyar da manhajoji ke bi su kai ga katin, abin da umarnin netsh winsock reset ke gyarawa tun daga 2004. Windows Vista kuwa tana da nata labarin: ta zo da ɗabi'ar neman a amsa mata da shela maimakon a yi mata magana kai tsaye, wasu rawutocin lokacin kuma ba su iya hakan ba, saboda haka XP ta sami adireshi Vista ta rasa a kan waya guda, har sai da Microsoft ya wallafa yadda za a sauya wannan saiti. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke buƙatar goge faifai. Fomatin da ake gaggawar yi gyaran gangar Auzinawa ne: takardun shekaru sun tafi, direban katin ya ɓace, kebul ɗin da ya tsinke kuma yana nan a tsinke.

Akwai gwaji guda da ke yanke gardama. A rubuta wa kwamfutar adireshi da hannu, daga dangin na maƙwabciyarta, sannan a yi amfani da ping, ɗan umarnin da Mike Muuss ya rubuta a 1983, a ƙwanƙwasa adireshin rawuta. Idan amsa ta dawo, waya da kati sun kuɓuta, matsalar tana cikin zancen hayar. Idan ba ta dawo ba, a koma ƙasa. Sai dai a nan ne masu gyara da yawa ke tsayawa su karɓi kuɗinsu, su bar adireshin hannun a wurin. Mai rabo bai san an shiga wannan ɗakin ba, wata rana zai ba wani, injuna biyu su yi karo, a sake kiran mai gyara. Idan dole ne inji ya zauna da adireshi guda, kamar na'urar buga takardu, a zaɓa masa daga wajen gurbin da ake rabawa, ko a shiga rawuta a keɓe masa ɗaki da lambar katinsa.

Ragowar abin da ake kira "babu netwok" a tsofaffin injuna ba shi da alaƙa da adireshi, amma yana da kyau a san shi don kada a ɓata yini. A kan babban allon kowace kwamfutar tebur akwai ɗan batir mai kamar kwabo, CR2032, mai bolt 3, wanda ke riƙe agogo da saitin BIOS. Idan ya mutu, duk lokacin da aka ɗauke wuta kwanan wata yakan koma shekarun baya, shafukan da ke da kariya kuma su ƙi buɗewa domin takardar shaidarsu ba ta dace da ranar da injin ke gani ba. Kuɗin batirin bai kai na faranti guda na shinkafa ba. Haka kuma Internet Explorer 8, na ƙarshe da XP ke ɗauka, bai iya sabon salon ɓoye saƙo da akasarin gidajen yanar suka koma kai ba, tun da manyan manhajojin lilo suka yi watsi da tsohon salon a 2020. Adireshi yana nan, ping yana amsawa, shafi ba ya buɗewa.

Wannan ya kawo mu ga tambayar da ya wajaba mai ofis ya yi bayan an yi nasara: yanzu da tsohuwar ta sami adireshi, ina ya kamata a bar ta ta je? Microsoft ya daina toshe kafofin Windows 98 a watan Yulin 2006, na XP ranar 8 ga Afrilun 2014, na Vista a 2017, na Windows 7 a watan Janairun 2020. A watan Mayun 2017 cutar WannaCry ta bi ta irin waɗannan kafofi da ba a toshe ba ta durƙusar da asibitoci da dama a Ingila, har kamfanin ya fitar wa XP da gyaran gaggawa shekaru uku bayan ya sallame ta. A ganina inji mai XP da ke tuƙa na'urar awo a ɗakin gwaji, ko mai riƙe da tsohuwar manhajar lissafin albashi, a bar shi a layin cikin gida, a share masa adireshin ƙofar fita don kada ya leƙa waje. Wanda kuwa ake so ɗalibai su yi bincike da shi, a zuba masa ɗaya daga cikin nau'o'in Linux marasa nauyi, waɗanda har yanzu ake sabuntawa, kuma Core 2 Duo mai gigabait 2 ko 4 na ƙwaƙwalwa yana ɗaukarsu. A can ma magana huɗun nan ce dai ake yi da rawuta, sai dai umarnin duba lambar ya koma ip address.